Mai Harajin da Na Jira a Waziriyya

Shekara tara na yi ina yankan rasidi a kasuwar garinmu, kafin a canja ciyaman a share mu gaba ɗaya. Na faɗi wannan tun da fari don a san irin kan da na sauka da shi a Jidda. Ni a sanina, haraji mutum ne mai ƙafa biyu. Yana da jaka a hammata da biro a bayan kunne, da hantsi yake shigowa kasuwa, ana hango shi mai daddawa za ta rufe kwando ɗaya da zani, mai awaki ya kora biyu bayan rumfa. Ana ciniki da shi kamar yadda ake cinikin albasa. Littafin rasidi kuwa biyu ne, na ofis da na aljihu, kuma ba zan rantse ban san hanyar na biyun ba. Har yau in ka je garinmu ka ce Isiyaku sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗan Rasidi babu wanda zai yi maka tambaya.

Zangona na farko unguwar Mahjar ce, a wani ɗaki da muke kwana mu shida, da na'urar sanyaya ɗaki mai kukan injin markaɗe. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, shi jiƙa mutum yake yi, ka fito daga wanka ka rasa bambancin ruwa da gumi. Amma ba zafin ne ya fara kama ni ba, tituna ne. Titi a kan titi, wani ya bi ta ƙarƙashin wani, fitilu a jere har inda ido ya ƙare. Kwana uku ina zaune a mota bakina a buɗe. Abin da nake nema da ido kuma ban gan shi ba: babu shinge, babu mai igiya a bakin hanya, babu wanda ya tare direba ya ce kawo na tikiti. Na tambayi kaina, to da kuɗin wa aka yi duk wannan, kuma wa ya karɓo su? Mutanen ɗakinmu suka ce man fetur ne, amma raina bai kwanta ba.

Daga Mahjar kullum da safe nake zuwa unguwar Waziriyya, wurin aikina. Kafilata, wato wadda sunanta ke kan iƙamata, katin izinin zamana, kuma da amincewarta nake zaune a ƙasar, wata dattijuwa ce, Hajiya Zainaba. Kakanta ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina don aikin Hajji, bai koma ba. Ita a Jidda aka haife ta, 'yar ƙasa ce, Hausarta ta mutanen da ce, tana yi tana yayyafa mata Larabci. Gwaggon matata ce ta haɗa mu. Sana'arta turaren wuta, a wani ɗan shago a ƙasan gidanta. Ita ke haɗa ƙamshi, ni ke sayo icen sandal a Balad, tsohuwar kasuwar gari, in sassara, in soya da sukari, in zuba a kwalabe, in naɗe a kwali.

Ranar farko na tsaya ina kallon ƙofar shagon har azahar, ko kare bai leƙo ba. Na ce a raina an kawo ni shagon da ya mutu. Hajiya ta lura da ni, ta yi dariya.

"Ya waladi, wa kake jira? Masu saye ba ta nan suke shigowa ba."

Ta nuna mini wayar shago. Kasuwar a ciki take. Wani kamfani ne ya buɗe ta a intanet, ƙananan masu sana'a irin Hajiya kowa da rumfarsa, hoton kaya da farashi. Waya ta yi ƙara, ga wata mata a garin Tabuk tana son kwalba biyu. Kafin in gama mamaki ta sake ƙara, wannan daga Abha. Da la'asar wani ɗan Bangaladash ya tsaya da mota, ya haska takardar da na liƙa a kwali da wata 'yar na'ura, ya ɗauka ya wuce, ko sannu bai tsaya karɓa ba. Ni da na yi shekara tara a kasuwa, ranar na ga kasuwar da babu ƙura, babu dillali, babu taya nawa ka rage.

A ranar ce kuma bakina ya ja mini. Don in nuna ba a banza aka kawo ni ba, na gyara tsayuwa na ce, "Hajiya, harkar haraji kuma ki bar mini. Aikina ne a gida, shekara tara."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta sake yin dariya. "Tayyib, na bar maka. Yalla, ɗauko sukari."

Na ɗauki wannan magana a matsayin naɗi.

Kowane kwali da takardar ciniki yake tafiya, ita suke kira fatura. Ina iya haɗa baƙin Larabci tun makarantar allo, ma'anar ce ke ba ni wuya, amma lambobi ba sa ɓace mini. Na lura kwalbar da muka sa riyal ɗari, mai saye ɗari da goma sha biyar yake biya. A gefen sha biyar ɗin akwai wata kalma, dariba. Na tambayi wani Basakkwace a ɗakinmu, ya ce haraji ke nan. Nan take na haɗa lissafina irin na gida. Ashe mu ma karɓar haraji muke yi daga hannun mutane. Kuɗin suna taruwa a asusun tsohuwa, wata rana mai jaka zai zo karɓa, kuma ni na ce a bar mini.

Na shiga jira. Na tanadi ruwan sanyi da kujera mai kyau. Wata rana wani mai farar jallabiya ya tsaya a ƙofa da takardu a hannu, na miƙe har da rusunawa, ina marhaban, ashe mai gyaran na'urar sanyi ne ya ɓata hanya. Wata ɗaya, biyu, har huɗu, babu wanda ya zo. Wani zai ce ai sai in yi murna. Ni kuwa ban yi ba, don na san abin da shirun mai haraji yake nufi. In ka ga mun ƙyale rumfa wata da watanni, bari muke yi abin ya yi nauyi, rana ɗaya mu zo da ɗan sanda da kwaɗo. Na yi wa mutane haka, ba sau ɗaya ba. Tambayar Hajiya ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma yaya wanda ya ce aikinsa ne zai dawo yana tambayar ina ake biya? Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa shi har da kunne biyu.

A wurin mai shayi a Mahjar na haɗu da Usaini. Ɗan ƙasarmu ne, ya ce shekara ashirin yana Jidda, aikinsa bin takardun mutane a ofisoshi. Jallabiyarsa kullum a goge, wayoyi biyu, yana magana yana jefa Larabci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Da na ji Hausar gida a bakinsa sai zuciyata ta saki, na zazzage masa komai. Ya ajiye kofi a hankali.

"Wata huɗu? Ɗan'uwa, kana cikin mushkila. Tsohuwa 'yar ƙasa ce, tara kawai za a ci ta. Kai fa? Kai baƙo ne. Tarhil, halas. Da rigar jikinka za a sa ka a jirgi."

"To yanzu ina mafita, Alhaji?"

"Allah ya so ka. Ina da mutum a ciki. Ka riƙa kawowa duk wata, ina shigar maka a hankali. Kada ka tayar wa tsohuwa da hankali, masu hawan jini ne."

Wannan yaren na gane shi sarai, yaren gida ne: akwai mutum a ciki. Ƙarshen wata na ɗauki rabin albashina na ba shi. Bayan kwana biyu ya kawo mini takarda mai hatimi shuɗi, da adadin kuɗin a rubuce da biro. Na ɗaga ta a rana, na duba hatimin, na ga kalmar nan ta dariba ɓaro-ɓaro a sama. Na gyaɗa kai irin na gwani na ce wannan ta gaske ce. Ni, Ɗan Rasidi.

Wata biyu ana haka. A gida damina ta faɗi, matata Hadiza ta kira tana tambayar kuɗin taki. Ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinmu ta cikin waya, ina jin 'ya'yana mata suna rigima a kan wa zai yi magana da Baba. Na ce mata abubuwa sun ɗan cushe. Ta ce, "Ba komai, Malam, Allah ya rufa asiri," kuma wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. Da na kashe waya na fita na tsaya a bakin titi ina kallon sama, fara fat babu ko gajimare. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar taɓo ba sai ranar.

Sai Usaini ya zo da sabuwa, wai an gano tsohon lissafi, akwai tara a kai, a biya cikin mako biyu ko a rufe fayil a kaina. Iƙamata kuma saura wata biyu ta ƙare. A daidai lokacin aka yi wa Hajiya aikin yanar ido, ta koma jinya gidan 'yarta Su'ad a Abhur. Ta bar mini ƙamshin da ta haɗa a manyan kwalabe, ta ba ni kuɗin ice, ta ce, "Ka san hanya, ya waladi."

Na je Balad, shagon dattijon Bayamanen da muke saye a wurinsa. Na tambaye shi ko akwai mai araha. Ya dube ni ya daɗe.

"Na Hajja Zainab ne?"

Na ce nata ne.

"Shekara talatin ba ta taɓa tambayata mai araha ba." Ya zuba mini shayi, ya tura mini kofin. "Ya akhi, in wani abu ne ya same ka, ɗauki na kullum ka tafi, ni da ita ba baƙin juna ba ne."

Mutumin da bai san garinmu ba ya buɗe mini ƙofa har haka, ni kuma na sha shayinsa na ce lafiya lau. Na zagaya wani lungu can baya, na sayi icen banza da aka jiƙa da man sandal, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ragowar na kai wa Usaini. Na ce wa kaina ai don in ceci shagon nake yi. Na soya, na zuba ƙamshin Hajiya a kai, a kwalba ba ka bambancewa.

A kasuwar waya masu saye suna ba da taurari, biyar ga abin da ya gamsar. Rumfar Hajiya biyar take tun da na zo. Cikin kwana goma na ga uku, na ga biyu, na ga rubuce-rubucen da ko ban gane ba na san ba addu'a ba ce. Sai ga kiran Su'ad. Malamar makaranta ce, tana jin Hausa sarai amma in za ta yi sai ta riƙa tsinto ta ɗaya-ɗaya.

"Isiyaku, Ummi tana so kai. Taho Abhur. Kawo kwalba ɗaya, sabo."

Hanyar Abhur doguwa ce, ta ratsa garin tun daga kudu har arewa. Ban taɓa ganin teku kusa haka ba, shuɗi har ya haɗe da sama, ga gidaje farare kamar ba mutane ke kwana a ciki ba. Da wata rana ce daban, da na sha kallo. Ranar kuwa kwalba ce a cinyata, ina riƙe da ita da hannu biyu.

Na tarar da Hajiya a zaune da baƙin tabarau, ga kasko da garwashi a gabanta. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta miƙo hannu. Ta ɗebi kaɗan ta zuba. Hayaƙin farko ya tashi da ƙamshinta, har na fara sa rai. Da man ya ƙone sai ainihin icen ya yi magana, ɗakin ya ɗauki ƙaurin katako.

"Wannan icen ƙofa ne," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Akwai matar da na yi wa turaren aurenta, na yi wa 'yarta. Jiya ta kira ni tana tambaya ko na mutu ne wasu suka gaji shagon. Ina kuɗin sandal?"

Na durƙusa na fito da takardun Usaini, na ce haraji na biya, don kada a rufe shago. Su'ad ta karɓa ta duba. Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, sai kuma ta dube ni dariyar ta tsaya.

"Ya Isiyaku, wannan fatura na wankin mota ne. Kowane shago a nan yana rubuta dariba a takarda. Ko ka sayi ruwa."

Ta ja kujera kusa, ta buɗe rumfar a wayarta, ta danna ciniki ɗaya. Da Hausarta mai ɗingishi da taimakon uwarta ta warware mini abin da na yi wata shida ina tsoro. Cinikin Hajiya na shekara bai kai adadin da doka ta ce sai mutum ya yi rajistar haraji da kansa ba. Irin waɗannan ƙananan, kasuwar ce ke tsaya musu. A wurin hukuma kamar kamfanin ne ya saya daga Hajiya ya sayar wa matar Tabuk. Shi ke ɗora sha biyar ɗin, shi ke karɓa, da sunansa fatura ke fita, shi ke tarawa ya miƙa wa hukumar haraji idan lokaci ya yi. Ya cire ladansa, ya turo wa Hajiya nata. Kuɗin harajin ko kwana ɗaya ba su taɓa yi a asusunta ba. In wata rana shago ya girma ya wuce adadin, sannan za ta yi rajista ta riƙa yi da kanta.

Na ce, "To wa ke ɗauka ya kai?"

"Babu wanda ke ɗauka."

"A hanya fa? Ba a ragewa?"

"Wane hanya?"

Ta nuna mini wani ɗan zane mai murabba'i a ƙasan faturar, wanda kullum nake ɗauka ado ne. Ta haska shi da waya. Sai ga sunan kamfanin, da lambarsa ta haraji, da ranar ciniki har da minti, da sha biyar ɗin a ware. Ta ce ko matar Tabuk tana iya dubawa daga ɗakinta.

Asirina ya tonu, zamana a ƙasar yana lilo, amma gaskiya abin da ya cika mini ciki a wannan lokacin mamaki ne. Mata a garuruwan da ban taɓa gani ba suna biyan haraji suna zaune a kan gado, babu wanda ya yi musu tsawa, babu wadda ta ɓoye kwando. Ba a roƙi kowa ba, ba a rage wa kowa don ya san wani ba, kuma abin da aka karɓa shi ne abin da ya isa. Mu goma sha biyu ne muke zagaya kasuwar garinmu da rana tsaka, muna faɗa da tsofaffi a kan naira hamsin, kuma ni na san abin da ke isa ofis. A nan an yi aikinmu duka babu ko ɗayanmu, an kuma yi shi da tsabta. Na ji girman abin, na ji ƙanƙantar kaina.

"Me ya hana ka tambaya?" in ji Hajiya.

"Na ce miki aikina ne, Hajiya. Kika ce kin bar mini."

"La haula. Ni na ɗauka wasa kake yi."

Su'ad ta juya Larabci, da sauri, da zafi. Kalma ɗaya na tsinta, khuruj, wato fita daga ƙasar. Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Da albashinka kaɗai ka ba ɗan damfara, da na tausaya maka, har in cika maka. Amma ka sa hannu a sunana, ya waladi. Tashi ka je. Zan yi tunani."

Usaini kuwa tun a mota na kira shi, wayoyin biyu duk a kashe. Mai shayi ya ce ai ni ne na uku da ya zo nemansa a makon.

Hajiya ta dawo Waziriyya bayan kwana biyar. Ba ta ce mini zauna ba, ba ta ce tafi ba. Ta sa Su'ad ta fitar da sunan duk wanda ya sayi turaren nan, ta je Balad da kanta da idon da bai gama warkewa ba, ta sayo sandal. Muka soya sabo, muka aika wa kowa kyauta, da 'yar takardar ban haƙuri da sa hannunta. Ni ke naɗewa, kowane kwali in na ɗauka sai in ji kamar da hannuna na mari tsohuwar. Kullum ina duba ranar da ke jikin iƙamata. Na fara tunanin yadda zan shiga garinmu, ba taki, ba tsaraba, da abin da zan ce wa Hadiza.

Saura kwana tara, ina sassara ice, saƙo ya shigo wayata. Na kai wa Hajiya don ta karanta mini, amma ko kallon wayar ba ta yi ba.

"Na sabunta iƙamar. Shekara ɗaya. Ba don kai ba, don 'yan matan nan naka da nake ji suna rigima a waya."

Na durƙusa ina godiya, hawaye suna zuba, ban ji kunyarsu ba. Ta ce in tashi sukari zai ƙone.

Ta mayar mini da zuwa Balad, ta mayar mini da mabuɗin shago, taurarin ma sun fara dawowa. Abu ɗaya ne ya canja. Duk ranar da na dawo da ice, kafin in ajiye buhun, sai ta jawo kasko. Ta zura hannu can ƙasa, ba sama ba, ta zaro guntu ɗaya ta ɗora a garwashi. Ni ina tsaye, ita tana zaune, har man da ke jikinsa ya ƙone icen ya nuna kansa. Sannan ta gyaɗa kai ta ce, "Yalla." Wata biyar ke nan, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin haushi ba, ni na saya wa kaina. Amma duk lokacin da na shigo da buhu a kafaɗa, kaskon nake fara dubawa, ko yau ta bar shi babu wuta.